Mu Biya Kuɗin Ruwa, Amma A Buɗe Mana Littafi

Ra'ayin wani kansila, ɗan ƙungiyar gama kai

 

Ni manomi ne kamarku. Ina cikin ƙungiyar gama kai ta ƙauyenmu tun kafin in san ƙofar ofishin ƙaramar hukuma. Daga baya jama'ar mazaɓarmu suka aike ni majalisa, na zauna a kujerar kansila. Maganar da na kawo muku yau ba ta da daɗin ji, ban kuwa taɓa jin ɗan siyasa ya yi ta lokacin neman ƙuri'a ba. Ga ta: ya kamata mu yarda mu riƙa biyan kuɗin ruwan da mu ke sha daga rijiyar burtsatse, da sauran kuɗaɗen da doka ta ba ƙaramar hukuma iznin karɓa. Amma da sharaɗi guda. Duk wanda ya karɓi kuɗinmu, tilas ne ya ba mu rasit, ya kuma buɗe mana littafi mu ga inda kuɗin ya shiga. Waɗannan biyu tare su ke tafiya, kamar shanun huɗa. In ka kwance ɗaya, garma ba ta motsi.

Abin da ya faru a mazaɓarmu

Bari in fara da laifin kaina, domin kada wani ya ce ina wanke hannuna.

An haƙa mana rijiyar burtsatse mai tanki a sama da bakin famfo shida. Janareta mai shan fetur ne ke ba injin wuta. Ranar da aka buɗe ta an yi kiɗa, an yi jawabi, aka ce ruwa kyauta ne har abada, ƙaramar hukuma ce za ta riƙa sayen mai. Mu duka muka tafa.

A shekarar 2022 wani ma'aikacin sashen ayyuka, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya kawo shawara gaban majalisa. Ya ce a kafa kwamiti a kowace rijiya, a yanka wa kowane gida ɗan abin da zai riƙa bayarwa a wata, a ajiye domin ranar gyara. Ni ne na fara tashi na ƙi. Na ce talakawa sun gaji, na ce ruwa kyautar Allah ne. Gaskiyar magana kuwa, zaɓe na ke tsoro. Sauran kansiloli suka goyi bayana, shawara ta mutu a nan.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Man da a ke aiko mana ya ragu, daga nan ya tsaya. Samari suka riƙa bi gida gida suna roƙon abin sayen galan ɗaya. Ana cikin haka injin da ke cikin rijiyar, wanda masu gyara ke kira sumo, ya ƙone. Babu ko kwabo a ajiye. Wata bakwai tanki yana tsaye babu ɗigon ruwa. Mata suka koma rafi tun da asuba, 'yan mata suka riƙa makara a makaranta, zawo ya shiga yara. Wata uwa ta tare ni a bakin kasuwa ta ce, "Kansila, ina ruwan kyautar nan?" Ban sami abin da zan ce mata ba.

Abin da muka kashe a wannan wata bakwai, wajen masu ga-ruwa da wajen mai kantin magani, ya fi abin da dattijon nan ya nema nesa ba kusa ba. Ashe da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ba mu ne farau ba. Waɗanda suka manyanta za su tuna da hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986 domin hanyoyi da ruwa da wuta a karkara. An haƙa rijiyoyi masu yawa a lokacin. Ku duba ƙauyukanku, nawa ne cikinsu ke ba da ruwa yau? Sau da yawa ba ruwan ƙasa ne ya ƙafe ba. Roba ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko bututu ya fashe, babu wanda aka ɗora wa nauyi, babu kuma kuɗin gyara.

Ina kuɗin ƙaramar hukuma ke fitowa?

Domin mu gane wannan al'amari sai mu waiwaya baya kaɗan.

A zamanin En'e, baitulmali da haraji da jangali ya ke cika. Dagaci da mai unguwa su ke tarawa, kuɗin ya bi ta hannun hakimi ya isa wurin ma'aji. Iyayenmu sun sha wuya a wannan tsari. An ƙwace wa mutane awaki, an ɗaure waɗansu, waɗansu sun bar garinsu da dare. Shi ya sa talakawa suka yi murna a 1979 sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali. Ba na roƙon a komo da wancan zamani, Allah ya kiyaye.

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi babban gyara. Aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a dukan ƙasa, aka kuma ce za su riƙa samun rabo daga gwamnatin tarayya. Yau muna da 774. A tsarin rabon Asusun Tarayya da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi duka kuwa 20.60. Ba ƙaramin kuɗi ba ne.

To, amma ta wace hanya ya ke isowa? Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Nan kuɗin ke sauka tukuna. Daga nan a kan cire albashin malaman firamare, da fansho, da rabon masarautu, da abin da a ke kira ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya ragu shi ke isowa gida, sau da yawa kuwa da kyar ya ke biyan albashin ma'aikata. Doka ta kuma ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar da ta tara da kanta. Ni dai a zamana na majalisa ban taɓa ganin an karanta mana wannan a takarda ba.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi 36. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. Hukunci ne mai kyau. Amma shekara guda bayan haka, a tsakiyar 2025, jaridu suna ta ba da labari cewa biyan kai tsayen bai kankama ba a yawancin wurare.

Ga abin da na ke so ku lura da shi. Ko da an fara zuba kuɗin nan kai tsaye a kowace ƙaramar hukuma, wannan kaɗai ba zai gyara halinmu ba. Mutum ya kan dubi inda abincinsa ke fitowa. In kusan dukan kuɗin ciyaman daga Abuja ko daga gidan gwamnati ya ke zuwa, can zai kafa idonsa, can zai riƙa kwana. Mu kuma da ba mu sa ko sisi ba, mu kan ce kuɗin gwamnati ne, ba ruwanmu. In ya ci, mu ce rabonsa ne. In ya gina mana kwalbati ɗaya, mu kai masa rago mu yi godiya. Amma ran da ka ciro Naira 500 daga aljihunka ka bayar, ran nan bakinka ya buɗe. Ba wanda zai hana ka tambaya.

Wane kuɗi ne ke hannun wa?

Mutane su kan zo gidana da takardar kuɗin wuta su ce in sa a rage. Ya kamata mu san iyakar kowa, domin kada mu kai kuka inda ba a share hawaye.

Kuɗin wutar lantarki ba ya hannun kansila ko ciyaman. Tun Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, hukumar NERC kuwa ita ke yanka farashi. A Afrilu 2024 ta ɗaga farashin masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama su kafa tasu hukumar, waɗansu kuma sun kafa. Abin da majalisarmu za ta iya kaɗai shi ne ta tara koken jama'a ta kai, ta matsa a ba mutane mita maimakon kuɗin ƙiyasi.

Ruwan famfo na manyan garuruwa kuma yana hannun hukumar ruwa ta jiha. Ita ke yanka kuɗinsa.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma an jera shi a Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, makewayin jama'a, maƙabarta, magudanan ruwa, hanyoyin cikin gari da na ƙauye, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasin keke da amalanke da kwalekwale. Tana kuma da hannu a makarantun firamare, da asibitocin sha-ka-tafi, da bunƙasa aikin gona. Rijiyar burtsatse ta ƙauye kuwa, ko wa ya haƙa ta, ko jiha, ko ɗan majalisa, ko wata ƙungiyar agaji, da zarar an yanke zare an tafi, ta zama tamu da ta ƙaramar hukuma. Waɗannan su ne abubuwan da ke kusa da mu, su ne kuma mu ke da bakin magana a kansu.

Yadda a ke yanka kuɗin ruwa bisa gaskiya

Kuɗin ruwa ba abin da ciyaman zai faɗa da ka ba ne, ba kuma abin da za a yi ciniki kamar na akuya ba. Lissafi ne, kowane sakataren ƙungiya zai iya yinsa a kan allo a gaban jama'a. Ga misali. Waɗannan lambobi na koyarwa ne kawai, ku tambayi farashi a kasuwarku ku sa naku.

A ce rijiya ce mai aiki da hasken rana, gida 200 ke sha. Mai kula da ita safe da yamma, a ba shi Naira 30,000 a wata. Ƙananan gyare-gyare, bakin famfo da bututu da gam, a ware Naira 20,000. A ce sabon sumo da kuɗin sa shi Naira 1,200,000 ne, ana kuma sa rai zai yi shekara biyar, watau wata 60. Sai a riƙa ajiye Naira 20,000 kowane wata domin ranar da zai mutu. A ce tanki da farantan sola za su ci Naira 1,800,000 bayan shekara goma, watau wata 120. Wannan Naira 15,000 ke nan a wata. Littafi da rasit da kuɗin motar zuwa banki, Naira 5,000. Jimla Naira 90,000.

Cikin gida 200 ɗin nan, a ce 20 na gwauraye ne da tsofaffi da marasa lafiya waɗanda jama'a suka yarda a ɗauke musu. Saura 180. In ka raba 90,000 gida 180, kowa zai ba da Naira 500 a wata. Bai kai Naira 17 a rana ba. Yanzu ka gwada da mai ga-ruwa. In yana sayar da jarka Naira 100, gidanka kuma yana shan jarka huɗu a rana, a kwana biyu ka kashe Naira 800.

Abin da a kan manta shi ne ajiyar nan ta ranar mutuwar inji. Mutane su kan ce rana ai kyauta ce, sola ba ya shan mai, don me za mu biya? Gaskiya ne ba ya shan mai, amma sumo yana tsufa kamar yadda san noma ke tsufa. Manomin kirki ba ya jira sa ya faɗi kafin ya fara tunanin wani.

Abu uku kuma na ke so a kiyaye. Na fari, kuɗin manomi da kaka ya ke zuwa. A ba shi dama ya biya na shekara gaba ɗaya bayan girbi, Naira 6,000 a misalinmu, ko ya auna hatsi daidai da haka, ƙungiya ta ajiye ta sayar. Na biyu, mai buga bulo, da mai gidan burodi, da mai kiwon turke, da mai cika kura ya kai talla, ba za su biya daidai da tsohuwar da ke ɗiban bokiti biyu ba. A yanka musu nasu bisa jarka. Na uku, a sake duba lissafin kowace shekara a gaban taro. Gara a ƙara kaɗan kaɗan da a yi shiru shekara biyar, sa'an nan a ninka sau uku rana ɗaya. Irin wannan tsalle shi ke jawo faɗa.

Masu cewa a'a

Na san akwai masu ja da wannan magana, ba kuwa wawaye ba ne. Bari in amsa musu ɗaya ɗaya.

Na farko ya ce: tun da aka cire tallafin mai, rabon da gwamnatoci ke samu kowane wata ya ƙaru ƙwarai, don me za a sake tatsar talaka? Gaskiyarsa, rabon ya ƙaru. Shi ya sa na ce aikin haƙa rijiya, da sayen tanki na fari, da shimfiɗa bututu, da horar da masu gyara, nauyin gwamnati ne, kada mu sauke mata ko kaɗan. Amma ajiyar gyaran yau da kullum, in muka bar ta a hannun ofis, takarda za ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur saboda robar da ba ta fi kuɗin kaza ba. Rabon Abuja kuma da farashin man fetur a kasuwar duniya da darajar Naira ya ke hawa da sauka. Ƙishirwa kuwa ba ta san wannan ba.

Na biyu ya ce: ai muna biya tun tuni. Ka ɗauko buhun masara, a bakin ƙauye igiya, a mararraba igiya, a ƙofar kasuwa tikiti, in ka sayar kuma a ce lada. Wannan ɗan'uwa ya fi kowa gaskiya, ni ma an tare ni da kayana. Tun 1998 aka yi Doka ta 21 wadda ta jera kuɗaɗen da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Duk da haka igiya ba ta bar hanya ba. Abin baƙin ciki, yawancin abin da a ke karɓa a igiyar nan ba ya isa baitulmali. A kan ba wani ɗan jam'iyya kwangilar kasuwa, ya kawo ɗan abin da aka yi yarjejeniya, sauran ya zama nasa. Saboda haka manomi yana biya da yawa, hukuma tana samun kaɗan, kasuwa kuwa ba rumfa, ba makewayi. Ra'ayina shi ne a soke wannan kwangila, a rage yawan kuɗaɗen su zama kaɗan, a rubuta su a allo a ƙofar kasuwa, kowa ya san abin da ke kansa. Wanda ya yarda ya biya na halal shi ne ke da ƙarfin ƙin na haram.

Na uku ya ce: ruwa kyautar Allah ne, ba a sayar da shi. Ni ma da bakina na faɗi haka a majalisa. Ruwan sama kyauta ne, ƙasa ma kyauta ce, amma ba wanda ya taɓa cin tuwo bai sayi fartanya ba. Ba ruwan mu ke saye ba. Ƙarfen da ke ɗauko shi daga ƙarƙashin dutse mu ke ciyarwa.

Na huɗu ya ce: za a cinye kuɗin. Wannan shi ne babban tsoro, shi ne kuma ya kawo mu rabi na biyu na maganata.

A buɗe littafi

Ku 'yan ƙungiyoyin gama kai kun riga kowa sanin wannan aiki. A ƙungiyarmu ma'aji ba ya fitar da kuɗi sai da hannu biyu ko uku a takardar banki. Kowane zubi yana da rasit. A ƙarshen shekara a kan zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su bincika littafi, su karanta sakamako a gaban kowa. Mata masu adashi ma sun san ranar da kowace za ta kwasa. To, in manoman da waɗansunsu ba su gama firamare ba suna iya wannan, don me hukuma mai ma'aji da akanta da mai binciken kuɗi za ta kasa? Ba mu nemi ta yi abin da ya fi namu ba.

Ga abin da na ke ganin ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta yi. Kowane wata ta manna takarda a allon sanarwa na sakatariya da ƙofar kowace babbar kasuwa, da Hausa da harshen wurin, mai nuna abu huɗu: nawa ya zo daga Asusun Tarayya, nawa aka cire kafin ya iso, nawa aka tara a cikin gida, nawa aka kashe kuma a kan me. Kafin majalisa ta amince da kasafin shekara, kowane kansila ya kira taron mazaɓarsa ya karanta. Kuɗin ruwa kuwa kada ya shiga babban asusun hukuma ya ɓace cikin albashi da kuɗin tafiye-tafiye. Ya zauna a asusun kwamitin rijiyar, mata su zama aƙalla rabin 'yan kwamiti, gama su ne ke ɗaukar tulu, su ne kuma ke fara sanin ran da famfo ya fara tari.

Kada wani ya ce muku wannan asirin gwamnati ne. Tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ta ke ministar kuɗi, aka fara buga rabon kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu. Ofishin Akanta Janar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa su kan sa waɗannan lissafai a intanet, ɗanka mai waya zai iya nemo maka na ƙaramar hukumarku. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa dama ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta shafi jihohi ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba.

Mu kansiloli ma a tambaye mu. Aikin kansila ba rabon shinkafa da zuwa suna da biki ba ne. Aikinsa ya karanta kasafi, ya yi dokokin cikin gida, ya sa ido a kan ciyaman. In kansilanku bai iya gaya muku nawa ya shigo wa hukuma a watan jiya ba, ku tambaye shi abin da ya ke yi a majalisa. Na san zafin wannan tambaya, gama an yi mini ita.

A mazaɓarmu, bayan wata bakwai ɗin nan, mun yi taro a gindin bishiyar kasuwa. Na tashi na ce na yi kuskure. Aka kafa kwamiti, aka yi lissafi a allo, hukuma ta sa sabon sumo da sola, ƙungiyarmu ta ranta wa kwamiti kuɗin bututu. Ma'ajiyarmu mace ce, kowane ƙarshen wata ta kan rubuta shiga da fita a jikin bangon tanki. Ba zan ce muku kome ya daidaita ba. Akwai gidajen da sai an bi su sau uku, akwai mai kuɗin da ya ce shi ya fi ƙarfin layi. Shawarar da na kai majalisa ta manna lissafin hukuma a allo kuwa, an karɓa an ce za a duba, aka sa ta a aljihun tebur. Amma ran da bakin famfo biyu suka lalace, kafin la'asar an gyara, ba wanda ya je sakatariya roƙo.

Abin da ƙungiyarku za ta iya yi

Mutum ɗaya in ya je sakatariya da tambaya, masinja ne zai sallame shi. Ƙungiya mai mutum hamsin in ta aiko da wasiƙa mai hatimi, a kan ba ta kujera. In ƙungiyoyi goma na gunduma ɗaya suka haɗa baki, ciyaman da kansa zai fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku je da ladabi, ku je da takarda, ku ajiye kwafi, kada ku bari a mai da maganar ta jam'iyya ko ta ƙabila ko ta addini. Rijiya ɗaya mu ke sha da maƙwabtanmu duka, a gayyace su tun daga taron fari.

Ga tambayoyi domin taronku na wannan wata:

1. Rijiyoyi nawa ne a ƙauyenmu, nawa ke aiki, wa ke da nauyin kowace?

2. In injin rijiyarmu ya mutu gobe, nawa mu ke da shi a ajiye?

3. Daga gona zuwa kasuwa, sau nawa a ke karɓar kuɗi a kan buhu ɗaya, sau nawa a ke ba da rasit?

4. Yaushe kansilanmu ya zauna da mu ya karanta mana kasafi? Wa za mu aika ya gayyato shi?

Ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, ku aiko wa wannan jarida da abin da kuka samu, domin waɗansu su koya daga gare ku. Lokacin rani ne yanzu, aikin gona ya yi sauƙi, ruwa kuma yana ja baya a rijiyoyi. Kada mu jira sai tanki ya bushe kamar yadda muka yi.

Allah ya kai mu damina lafiya.